Sauke bayan Honda ATC mai ƙafa uku: kar a yanke sifirin ɗin nan tukun

Tambayar da ɗan'uwanmu ya yi ita ce, ya sayi tokumbon Honda ATC250R na 1985, irin mashin ɗin nan mai ƙafa uku na shiga jeji da rairayi, yana hawansa a fili mai fako, amma yana ganin bayan ya yi tsayi da yawa, in ya sha kwana da ɗan gudu sai tayar baya ɗaya ta ɗaga kamar zai kife. Bakanikensa ya ce a yanke sifirin ɗin shokazoban baya ko a sa masa shokazoban mashin ɗin acaɓa wanda ya fi gajarta. Yana tambaya wanne ya fi, kuma inci nawa zai iya saukewa.

Toh malam, a cikin biyun nan babu wanda ya fi, dukkansu ka bar su. Ba wai ina raina bakaniken ba ne, a kan mashin mai ƙafa biyu na haya wannan dabarar tana iya wucewa ba a ga ɓarna nan take ba, amma wannan injin naka wani abu ne daban, kuma ni abin da ya fi damuna shine ƙashin bayanka da wuyanka, ba kyan mashin ɗin ba. Ana sauke bayan ATC, masu tseren fili a Amurka sun daɗe suna yi tun shekarun 1980, amma akwai yadda ake yi, kuma ba a taɓa sauke baya shi kaɗai a ƙyale gaba.

Ga masu karantawa da ba su san shi ba, ba Keke Napep ake magana ba. A daidaita sahu tayoyinsa na baya kowacce na iya juyawa da nata gudun saboda akwai difaransha a tsakani, shi ya sa yake shan kwana salin alin. ATC kuwa ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin baya biyu, in ɗaya ta juya sau goma ɗayar ma sau goma za ta juya, babu ragi. A kwana kuma tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki, to tunda a ɗaure suke dole ɗaya ta sulɓe ko ta ɗan saki ƙasa kafin mashin ya yarda ya juya. Kaga kenan ɗagawar tayar ciki da kake gani ba duka ba ne laifin tsayi, wani ɓangaren haka aka ƙera shi. Honda ta fara fito da irinsa a 1970, kuma zuwa 1988 gwamnatin Amurka ta yi yarjejeniya da Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki da Polaris aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a can saboda yawan kifewa da mace-mace, musamman yara. Na faɗi wannan ne don ka san duk wanda ke hannu yau ya haura shekara 35, kuma saukewa tana rage saurin kifewa amma ba ta mayar da shi mai ƙafa huɗu.

Kafin ka taɓa sifana, ka auna. Wannan shine abin da mutane suke tsallakewa, sai su kashe kuɗi a banza. Ka ɗora mashin a kan akwati ko kututture ta ƙarƙashin firem yadda tayoyin baya za su rataya ba sa taɓa ƙasa, ka auna da tef daga tsakiyar aksil, wato miƙaƙƙen ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin baya, zuwa wani wuri guda a firem ɗin baya wanda ke saitinsa a sama, ka sa alama da maka a wurin don kullum nan zaka riƙa aunawa. Ka rubuta. Ka sauke shi ƙasa ya tsaya da nauyin kansa, ka danna baya sau biyu uku ka saki, ka sake aunawa. Sannan ka hau da takalminka da hular kwanonka ka zauna yadda kake zama in kana tuƙi, ƙafa biyu a kan matakai, wani ya auna maka na uku. Bambancin na farko da na uku shine nutsewar da yake yi da kai. Ƙa'idar da masu gyaran shokazoba ke bi ita ce ya nutse wajen kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar da bayan ke iya yi. 250R na 1985 da 1986 tafiyar bayansa ta kusa inci 10, to nutsewar da ake so wajen inci 3 ce ko da ɗan ɗori. In ka auna ka ga inci ɗaya da rabi kawai yake nutsewa, to ai ba tsayi ne matsalarka ba, wani ne ya ɗaure sifirin tamau, wataƙila mai shi na da ƙato ne ko mai tsalle-tsalle ne da shi. Nan sai ka sassauta zobban nan biyu masu zare da ke saman sifirin, na sama makulli ne na ƙasa shi ke matsa, ka wanke zaren ka sa mai kafin ka juya don tsatsa ta shekaru tana cinye zaren, ka riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan kana sake aunawa har ka kai inci 3 ɗin. Da yawa a nan ma maganar ke ƙarewa, mutum ya samu inci ɗaya ko fiye bai sayi komai ba.

Amma akwai iyaka. Kada ka ci gaba da sassautawa don neman ƙarin sauka har sifirin ya koma yana girgiza in an ɗaga mashin. Dole ko da tayoyi na rataye sifirin ya kasance a matse ko da 'yan milimita ne, in ba haka ba ranar da ka bi ta kan tudu baya ya miƙe gaba ɗaya sifirin zai bar mazauninsa, in ya dawo ya zauna a karkace sai ya ci jikin shokazoban ko faifan da ke riƙe shi ya fita. Kuma mashin da ya nutse rabin tafiyarsa tun yana tsaye, ramin farko da ka faɗa zai buga ƙarshe, kuma mai ƙafa uku in ya buga ƙarshe baya yake harbawa sama ya wurga ka ta kan kaho, wato ƙarfen da kake riƙewa kana tuƙi.

Yanzu maganar yanke sifirin. Mutane suna zaton in an rage tsawonsa zai yi laushi ya sauka, alhali ba laushi zai yi ba, sifirin in ka rage masa zagaye ƙarfi yake ƙarawa. Sannan bakinsa na asali an lanƙwashe shi an goge shi ya kwanta daidai, in ka yanke da garanda sai ya zama baki ɗaya ne ke tokare, yana tura sandar shokazoban gefe, nan da ɗan lokaci sil ya fara zubar da mai. Babbar matsalar ma ita ce yankan bai rage tsawon shokazoban kansa ba, in ya miƙe zai miƙe kamar da, sifirin kuma ya gajarce, ka dawo kan waccan matsalar ta girgiza. Wanda ya fi wannan muni shine a sa masa wutar walda a gasa shi har ya zauna. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta da zafi na musamman, wurin da wuta ta taɓa ya mutu kenan, zai ci gaba da zama har wata rana ya karye kana cikin gudu. Dan Allah kar ka yarda a yi maka wannan ko kyauta ne.

Shokazoban acaɓa kuma, na Boxer ne ko na Jincheng, su biyu aka yi su suna raba nauyi, kuma an kafa su can kusa da aksil inda taya in ta motsa inci ɗaya su ma kusan inci ɗaya suke motsawa. Naka guda ɗaya ne a tsakiya, kusa da gindin hannun baya, wato ƙarfen da ya taso daga firem yake riƙe da aksil, kuma yana aiki ta wasu 'yan ƙarafa masu gaɓoɓi da Honda ke kira Pro-Link, wanda ta fara sa wa 250R a 1983. A wannan tsarin taya tana motsa inci biyu da rabi zuwa uku kafin shokazoba ya motsa inci ɗaya, ma'ana nauyin da ke kansa ya ninka. In ka sa na acaɓa guda ɗaya a wurin kana hawa zai zauna ƙasa ɗungurungum, ba sauka ba ce wannan, rushewa ce.

To me ya kamata a yi? Ni a wurina, ga mai hawa a fako, taya ce farko. Mutane ba sa kawo ta a lissafin saukewa amma ita ce hanya mafi tsafta, don ba ta taɓa tafiyar shokazoba ko kaɗan. 250R ɗinka daga kamfani tayar bayansa inci 20 ce, amma ka duba abin da ke kai yanzu, tokumbo da yawa suna zuwa da inci 22 masu kumburi da wani ya sa don laka. Lambar farko a jikin tayar ita ce tsayinta. Duk inci biyu da ka rage a tsayin taya, aksil ya sauko inci ɗaya. Daga 22 zuwa 20 inci ɗaya kenan, daga 20 zuwa 18 wani incin. Kuma ba saukar kaɗai ba, taya mai inci 18 ta masu tseren fili fuskarta a shimfiɗe take kuma gefenta gajere ne mai tauri, in ka sha kwana sulɓewa take yi gefe, ita kuwa mai kumburin nan gefenta lanƙwashewa yake ta kama ƙasa ta ɗaga ka. Wallahi sau da yawa abin da mutum ke kira tsayi, siffar taya ce kawai. Iska ma haka, waɗannan tayoyin ba a ba su iskar mota, tsakanin 2 zuwa 4 psi (awon matsin iska) ake magana, kuma gejin mai faci na bakin titi ba ya ma karanta wannan, sai ka nemi ƙaramin geji na musamman. In ɗaya ta fi ɗaya iska to ta fi ta girma, tunda kuma aksil ɗaya ne mashin zai riƙa janka gefe guda. Ka zagaya tef a kan kowacce ka tabbatar zagayensu ɗaya ne.

Abin da taya ke ci maka biyu ne. Na farko gudu, daga 20 zuwa 18 zagayen ya ragu kashi 10 cikin 100, to ƙarshen gudunka ma ya ragu haka, amma tashi ya ƙaru. In abin ya dame ka sai ka ƙara haƙori ɗaya a sufoket ɗin gaba, misali daga 13 zuwa 14 ya mayar maka da kusan kashi 8, ko ka rage haƙora a na baya. Na biyu kuma, sufoket ɗin baya da faifan birki suna kan aksil ne, su ne suka fi kusa da ƙasa, kuma tsayinsu daga ƙasa taya ce kaɗai ke yanke shi. In wurin da kake bi akwai duwatsu ko kunyoyin gona, inci 18 zai sa ka riƙa buga faifan birki, sai ka tsaya a 20 ka tabbatar farantin kariyar nan na ƙasa yana nan.

In taya da daidaita nutsewa ba su ishe ka ba, kana son ƙarin inci ɗaya ko biyu, hanyar da na yarda da ita ita ce a rage shokazoban ta ciki. Ana kwance shi, a zaro sandar, a sa ɗan zobe na alminiyam ko roba mai tauri a jikin sandar tsakanin fistin da kan sil. Abin da zoben ke yi shine ya hana shi miƙewa har ƙarshe kamar da, amma inda yake tsayawa in ya matse bai canja ba. Wannan shine sirrin, don duk abin da Honda ta lissafa na cewa aksil ba zai bugi salansa ko akwatin iska ba, taya ba za ta ci madigadi ba, yana nan yadda yake. Saboda waccan ninkawar da na faɗa, zobe mai kaurin milimita 10 zai sauke maka baya wajen milimita 25 zuwa 30, wato inci ɗaya da 'yan kai. Shi ya sa nake cewa a fara da ƙarami, mutum yana ganin zoben a hannu kamar ba komai sai an ɗaura ya ga mashin ya durƙusa. Farashinsa kuma shine duk incin da ka sauke ka cire shi ne daga tafiyar baya, in ka sauke 2 daga kusan 10 saura kusan 8, to nutsewar ma sai ka sake lissafa ta a kan 8 ɗin, kuma sau da yawa sai an nemi sifirin da ya ɗan fi tauri kuma ya ɗan fi gajarta, don na asalin zai iya zama a matse da yawa ko da zobba sun kai ƙarshen zare.

A nan ina so ka saurare ni da kyau. Shokazoban nan akwai iskar naitirojin a cikin 'yar tankin da ke haɗe da shi, matsinta yakan wuce 150 psi. Ba a kwance shi sai an fara sakin iskar, in ba haka ba kan zai fito kamar harsashi. In an gama kuma naitirojin ake mayarwa. Na san abin da ke kusa da hannu a garejinmu shine tulun oksijin na masu walda, kuma na san akwai wanda zai ce ai iska iska ce. Ba haka ba ne, oksijin mai matsi in ya haɗu da mai yana iya kamawa da wuta ya fashe, kuma wannan abu a ƙarƙashin mazauninka yake. Masu gyaran firji da AC da yawa suna da tulun naitirojin da geji don gwada yoyon bututu, can ya kamata a je. In babu wanda ya taɓa buɗe irin wannan shokazoban a kusa da kai, ka nemi mai gyaran manyan babura, ko ka haƙura ka tsaya a taya. Tunda an buɗe shi kuma sai a canja mai da sil gaba ɗaya, man da ya shekara 30 a ciki ya zama ruwa, kuma inaga rabin tsalle-tsallen da bayan ke yi maka daga nan ne.

Akwai kuma masu canja ƙarfen gaɓar Pro-Link ɗin da wani mai tsawo daban, ana sayar da su a waje, wasu kuma su kai wa mai injin yanka ya ƙera musu. Yana saukewa kam, kuma ya fi sauƙin ɗaurawa, noti biyu ne. Amma shi ba ya rage tafiya, ɗaga ta yake yi gaba ɗaya zuwa sama, wato in shokazoba ya matse ƙarshe aksil zai hau sama fiye da inda kamfani ya tsara, kuma yana canja yadda nauyi ke hawa kan sifirin, yawanci ya sa baya ya yi laushi. In zaka bi wannan hanyar ko kuma ka samu wani shokazoba gajere na wani mashin irinsa, to gwajin nan wajibi ne: ka cire sifirin, ka ɗaura shokazoban tsirara, mashin na kan kututture, ka ɗaga aksil da hannu a hankali har ya kai ƙarshe, kana kallon salansa da akwatin iska da kan birki da tiyon birki da madigadi da cen. In wani abu ya taɓa kafin robar ƙarshen shokazoban ta matse, to bai yi ba. A gajeren shokazoba ba tsawonsa daga ido zuwa ido kaɗai ake aunawa ba, har da tsawonsa in ya matse, nan ne mutane ke faɗawa. Ƙarfen gaɓa na ƙirar gida kuma, in ba ka san irin ƙarfen da aka yi shi da shi ba kar ka ɗora rayuwarka a kai, duk nauyin baya ta nan yake bi.

Ɗaure baya da bel ko sarƙa don kar ya miƙe, ana yi, amma na gwaji ne na yini ɗaya don ka ji ko tsayin ya yi maka kafin ka buɗe shokazoba. Cire shokazoba a sa sandar ƙarfe kuma na masu tseren miƙaƙƙen layi ne a wuri mai santsi, a fako zai tsaga maka firem.

Yanzu gaba, wanda shine rabin aikin. Tsakanin tayar gaba da aksil ɗin baya wajen inci 50 ne, to duk inci ɗaya da baya ya sauka shi kaɗai, mashin ya kwanta baya da digiri ɗaya da ɗan wani abu, inci 2 ya haura digiri 2. Fok ɗin gaba, wato bututu biyun nan da ke riƙe da tayar gaba, ya ƙara kwanciya kenan, nauyi ya koma baya, tayar gaba ta yi sakayau. A miƙaƙƙen hanya zaka ji daɗi, amma a kwana zaka juya kaho mashin ya ci gaba da tafiya gaba abinsa, don dama tayoyin bayan nan biyu kullum so suke su tafi miƙe, tayar gaba guda ɗaya ce ke faɗa da su, kai kuma ka rage mata nauyi. Sannan zai riƙa ɗaga gaba da ɗan mai kaɗan, 250R kuwa ba ya buƙatar taimako a wannan fannin. Don haka abin da ka sauke a baya ka nemi kusan irinsa a gaba. Ana sassauta notocin maƙalan da ke riƙe da fok a turo bututun sama, ka fara da rabin inci, kada ka wuce wajen inci ɗaya ta wannan hanyar, kuma ka auna da ruwla ka tabbatar hagu da dama daidai suke. Ka duba kan bututun bai tokari kaho ba, sannan ka cire murafun fok ka danna gaba har ƙarshe ka ga taya ba ta taɓa madigadi ko maƙalin ƙasa ko lagireto ba. Tayar gaba in ta maƙale a sama kana gudu ba sai na faɗa maka abin da zai biyo baya ba. In ana son fiye da inci ɗaya, shi ma fok zobe ake sa masa ta ciki, ko a sa tayar gaba da ta ɗan fi gajarta. Noti kuma a ɗaure shi da awon da littafin mashin ya faɗa, in ka matse na ƙasa da yawa yana shaƙe bututun fok ya daina sulɓi.

Sai cen. Cen ya fi tsauri a lokacin da sufoket ɗin gaba da ƙusar gindin hannun baya da aksil suka zo layi ɗaya. Mashin da aka sauke yana zaune kusa da wannan layin ne tun yana tsaye, to in ka ba shi sakin da littafi ya ce a tsohon tsayinsa lissafin ya canja. Lokacin da sifirin ke cire ka ɗaga aksil zuwa wannan layin, ka daidaita cen ya zama yana da ɗan saki kamar rabin inci a nan, sannan ka mayar da komai ka auna sakin da ya bayar yana tsaye, wannan shine sabon awonka. A 250R na shekararka ana jan cen ne da juya gidan boris na aksil, wanda ramin cikinsa ba a tsakiya yake ba, to juyawar ma tana ɗan ɗaga aksil ko ta sauke shi, sai ka daidaita cen kafin ka yi awon tsayi na ƙarshe. Ka duba robar da cen ke gogawa a kan hannun baya da 'yan tayoyin cen, in sun cinye ka canja. Ga masu wasu samfuran ATC ɗin, Big Red 250ES ko 250SX, su ba cen gare su ba shaf ne, akwai gaɓa mai juyawa a gindin hannun baya da aka tsara ta yi aiki a wata kusurwa, kuma tafiyar bayansu dama kaɗan ce, ni ba na ba su shawarar taɓa shokazoba, taya kawai. Masu ATC70 da 90 da 110 kuwa babu shokazoban baya sam, taya ce shokazobansu.

Tunda abin da ya kawo ka shine ɗagawar taya a kwana, to ka sani faɗi yana aiki kamar sauka, wani lokacin ma ya fi. Ƙarin inci ɗaya ko biyu a kowane gefe, ta wili mai fitowa waje ko aksil mai tsawo, yana sa mashin ya zauna sosai kuma bai ci maka tafiyar shokazoba ko tsayi daga ƙasa ba. Farantan da ake sawa a bayan wili suna yi, amma suna ƙara wa boris da aksil wahala, masu kauri sosai suna lanƙwasa aksil in ana tsalle, kuma notocinsu suna son dubawa akai-akai. Kafin duk wannan ma ka kama taya ka girgiza ka ji boris ɗin aksil da bushin hannun baya da na gaɓoɓin Pro-Link, in suna da wasa to duk awon da ka yi a sama ƙarya ne, gyara su shine farko.

Zaman ma yana da nasa. A kwana jikinka zaka zuba cikin kwanar, har ka zame daga kujera zuwa ciki in gudun ya yi yawa, nauyin ƙafarka kuma a kan matakin waje, ka ɗan matso gaba don tayar gaba ta kama. Kuma kar ka taɓa sauke ƙafa ƙasa kamar a mai ƙafa biyu, tayar baya tana bayan dunduniyarka kai tsaye, za ta hau ƙafar ta fizgo ka. Bayan an sauke mashin matakai sun ƙara kusa da ƙasa, to wannan haɗarin ya ƙaru, takalmi mai wuya dole ne, da hular kwano, kuma ba a goyo a kansa, ba a ba yara.

In nawa ne, ga yadda zan bi: in gyara boris da bushi, in daidaita nutsewa zuwa inci 3, in sa taya mai shimfiɗaɗɗiyar fuska inci 20 ko 18 gwargwadon wurin, in ɗan faɗaɗa baya, in turo fok rabin inci, in hau in ji. Sai in har yanzu bai yi ba sannan zobe na milimita 10 da sabon mai da naitirojin. Gaba ɗaya tsakanin taya da shokazoba kar ya wuce inci 2 zuwa 3 ga mashin da zai riƙa shiga ramuka. Ka riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda kana rubuta awon, gwajin farko kuma a giya ta biyu a fili babu mutane. In ka auna lambobin nan uku na nutsewa da girman tayar da ke kai yanzu da nauyinka, ka turo su, daga nan zan iya faɗa maka ko ma kana buƙatar buɗe shokazoban.